Wuƙar da Ta Yi Ƙyalli Ta Ƙi Yanka

Wuƙar ta Yayata ce. Tsawon ruwanta santimita 20, faɗinsa ta wajen gindi milimita 45, irin manyan wuƙaƙen kicin ɗin nan da ba sa tsatsa. A jikinta an buga X50CrMoV15. Wannan ba sunan kamfani ba ne, bayanin ƙarfen ne: kabon kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuromiyam kusan kashi 15, sai ɗan abin da ba a rasa ba na wasu sinadarai biyu. Masana'antun Jamus na yawan ƙera wuƙa da shi, kuma taurinsa kan tsaya wajen 55 zuwa 58 a ma'aunin Rockwell. Bai kai wuƙaƙen Japan ba, waɗanda kan kai 60 har su wuce, amma yana da haƙuri. Idan ya sha wuya bakinsa kan lanƙwashe, ba kasafai yake ɓarewa ba.

Shekara shida wuƙar tana hannun Yaya ba ta taɓa ganin washi na kirki ba. Abin da take yi mata shi ne ta ja ta sau uku ko huɗu a cikin ɗan abin washin nan mai tsaga kamar bakin almakashi, ta ci gaba da aiki. Ranar da ta miƙo min ita cewa ta yi, "Kai da ba ka rabuwa da gyare-gyare, ga wannan. Ko dai ka tashe ta ko in jefar."

Kafin in taɓa komai na tsaya na dube ta. Na juya bakin sama a ƙarƙashin fitila, sai ga wani farin layi siriri yana walƙiya tun daga gindi har kusa da tsini. Baki mai kaifi ba ya mayar da haske, don ba shi da faɗin da hasken zai sauka a kai, saboda haka wannan layin shi ne dakushewar ido na ganin ido. Na tsayar da ita a kan katakon yanka, na sunkuya na leƙa: gindi ya taɓa, wajen tsini ya taɓa, amma a tsakiya haske na wucewa ta ƙasa. Abin washin Yaya ya fi cin tsakiyar ruwan, har ya yi masa ɗan rami. Sannan ga giɓi guda, kamar yatsa uku daga gindi, zurfinsa wajen rabin milimita. Farce na maƙalewa a cikinsa.

Ba ni da dutsen washi. Abin da nake da shi samfefa ce da ta rage daga wani aikin fenti, baƙar nan mai jure ruwa. Duk da sunanta na asali yana nufin takardar yashi, babu yashi a jikinta. Ƙwayoyin da ke kanta silikon kabaid ne, wanda Edward Acheson ya samo hanyar haɗa shi a Amurka a 1891, kuma taurinsa ya haura 9 a ma'aunin Mohs, inda lu'ulu'u ke 10. Kowane ƙarfen wuƙa a ƙasa da shi yake. Irin wadda ake jiƙawa kuwa kamfanin 3M ne ya fito da ita kasuwa a 1921, masu fentin motoci suka rungume ta. A bayan kowane falle akwai lamba da harafin P a gabanta, ma'aunin Turai ke nan. Ƙaramar lamba, manyan ƙwayoyi. Babbar lamba, ƙwayoyi masu laushi.

Yunƙurin farko

Ina da P220, P400, P600, P1000 da P2000. Da na shafa P220 na ji kaushinta sai na ajiye ta gefe, na ce wannan ai sai ta cinye wa Yaya wuƙa. Na fara daga P600. Don kada takardar ta riƙa zamewa, na ninka tawul a kan tebur na shimfiɗa ta a kai, na yayyafa ruwa. Na yi minti arba'in ina gogawa: P600, sai P1000, sai P2000. Da na gama, gefen bakin ya zama madubi, har ina ganin ƙwayar idona a ciki. Na ɗauko fallen takarda na riƙe a iska, na sa wuƙar. Takardar ta lanƙwashe. Na sake, ta yage. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ina cikin haka Kawu ya shigo. Tsohon kafinta ne, ya shafe shekaru yana wasa kurfi da bakin ƙarfen fere katako. Ya karɓi wuƙar bai ko kalli ƙyallin ba. Babban yatsansa ya sa a gefen ruwan, ya jawo shi a hankali daga bayan wuƙar zuwa baki har ya zarce, ya juya ya yi wa ɗaya gefen haka.

"Ina leɓen?" ya ce.

"Wane leɓe, Kawu?"

"To ai ba ka wasa wuƙa ba, ɗan nan. Wanka ka yi mata."

Ya sa na kawo maka, wato alƙalamin nan mai baƙar tawada. Ya shafa baƙi a gefen bakin, gaba da baya, ya ce in yi shafa biyar yadda na saba. Da na yi muka duba. Tawadar ta goge daga sama, inda gangaren bakin ya haɗu da jikin wuƙar, amma can a kan tsinin bakin baƙin na nan daram, siririn layi kamar gashi. Ashe minti arba'in ɗin nan duk kafaɗar bakin nake gogewa, bakin kansa ko taɓa takardar bai yi ba.

Kaifi ba wani abu ba ne illa wurin da gangare biyu suka haɗu ba tare da sun bar fili a tsakaninsu ba. A wuƙar da ta dakushe, wannan mahaɗar ta zama zagaye. Babu yadda za a yi ta dawo sai an cire ƙarfe daga gefunan biyu har gangaren su sake haɗuwa a ƙasan zagayen. Lokacin da washi ya kai ga mahaɗar, ƙarfen ya yi sirantar da ba ya iya tsayawa, sai ya lanƙwashe ya koma ɗaya gefen. Wannan shi ne leɓen da Kawu ke nema. Da wuya ido ya gan shi, amma yatsa na jin sa kamar ƙaiƙayi. Muddin bai fito ba, ba a isa baki ba, komai ƙyallin da aka samu.

Lissafin ma da na zauna na yi daga baya ya ba ni kunya. Ƙwayar P220 faɗinta wajen maikuron 68 ne (maikuron dubu ke yin milimita ɗaya), ta P600 wajen 26, ta P1000 wajen 18, ta P2000 wajen 10. Giɓin da nake son in cire zurfinsa maikuron 500. Na tsallake takardar da za ta iya aikin, na ɗauki waɗanda aikinsu share zanen da ta bari.

Tawul ɗin kuma wani laifin ne daban. Duk abin da ke da taushi a ƙarƙashin samfefa yana lotsawa idan aka danna, sai takardar ta naɗo ta rungume bakin ta ƙara masa zagaye. Akwai masu yin haka da gangan, su shimfiɗa takardar a kan fata ko roba don su sami baki mai ɗan tudu, wanda ke jure sara. Amma su da hannu mara nauyi suke yi, kuma sun san abin da suke nema. Ni dannawa nake da ƙarfi a kan tawul mai ninki huɗu.

Yunƙuri na biyu

Washegari na samo guntun gilashi mai kaurin milimita 6, na goge kaifin gefunansa don kada ya yanke ni. Gilashin taga na zamani shimfiɗaɗɗe ne ƙwarai, domin tun da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana hanyarsa a 1959, a kan narkakken kuza ake zuba shi ya kwanta da kansa. Tayil mai santsi ma zai yi, idan an aza rula a kai an ga ba ya da tudu. Fallen samfefa milimita 230 ne da 280, na raba shi uku ta tsawo. Na jiƙa bayan guda, na manna a gilashin, na ja shi ya miƙe, na kama bakunansa da salatif. Na sa gefen takardar daidai da gefen gilashin, don gindin wuƙar ya samu shiga ba tare da mariƙin ya tokare ba. Tawul ɗin jiya ya koma ƙarƙashin gilashin, inda ya dace da shi tun farko.

Giɓin da ramin tsakiya na fara da su. Na ɗaga wuƙar sosai, kusan rabin tsaye, na riƙa jan bakin a kan P220, na fi ba gindi da wajen tsini ƙarfi tunda su ne suka yi tudu. Wannan aiki ne mai sa faɗuwar gaba, don da hannunka kake ƙara dakusar da wuƙar mutane. Bayan kowace shafa goma sai in tsayar da ita a kan katako in leƙa. A hankali hasken tsakiya ya riƙa tsukewa har ya ɓace, giɓin ya koma ɗan ɗigo, sannan farce ya daina jin sa. A lokacin bakin ya yi faɗin da ko igiya ba zai yanka ba.

Daga nan sai maganar kusurwa. Wuƙaƙen Turai an saba ba su wajen digiri 20 a kowane gefe, na Japan wajen 15. Ƙarfen Yaya ba mai tauri sosai ba ne, kuma na san hannunta, don haka na tsaya a 18. Hannu bai san digiri ba, amma ya san tsayi. A ruwa mai faɗin milimita 45, digiri 15 na nufin bayan wuƙar ya tashi kusan milimita 12 daga takarda, digiri 20 kusan 15, digiri 18 kusan 14. Na yanka kwali na liƙa shi bisa juna har ya kai milimita 14, na ajiye a bakin gilashin. Kafin kowace shafa sai in aza bayan wuƙar a kansa, in kulle wuyan hannuna, in tafi. Kawu da ya ga kwalin dariya ya yi, ya ce shi da ido yake yi. Na ce, "Kawu, idonka ya shekara arba'in yana yi, nawa jiya ya fara."

A kan dutse mutum na iya tura wuƙa baki na gaba. A kan samfefa hakan na da haɗari. Sau ɗaya na manta na tura, bakin ya kama takardar ya tsarge ta, na sake manna wata. Tun daga nan baya-baya nake ja, bayan wuƙar na gaba, bakin na biye, kamar mai shafa wani abu a kan faranti. Yatsu uku na hannun hagu a kan ruwan, kusa da baki, su ke dannawa. Hannun dama riƙe kusurwa kawai yake yi. Idan na zo wajen tsini, inda ruwan ya lanƙwasa ya kuma tsuke, sai in ɗan ɗaga mariƙin, in ba haka ba wurin ba zai taɓa takardar ba.

A nan aikin ya zauna. Ruwan da ke kan takardar ya koma toka-toka, sannan baƙi, ƙarar kuma ta tashi daga ƙarr-ƙarr mai kaushi ta koma shuu. Da farko na ɗauka alamar ci gaba ce. Ashe takardar ce ta mutu. Silikon kabaid na da tauri amma yana da saurin farfashewa, kuma falle ɗaya shimfiɗa ɗaya ce ta ƙwayoyi, ba kamar dutse ba da in sama ta cinye wata ke fitowa daga ƙasa. Cikin 'yan mintoci P220 kan daina ci, mutum na ta wahala a banza. Na cinye yanka uku, wato falle guda cur, a gefe ɗaya da rabin ɗayan. Na koyi sauraron ƙarar: da ta yi laushi sai in canza.

Wajen minti ashirin da biyar da farawa na shafa yatsa yadda Kawu ya yi, daga baya zuwa baki, ba a bin tsawon bakin ba. A tsakiya na ji wani abu ya ɗan kama fatar yatsana. Na shafa gindi, babu. Na shafa tsini, babu. Zuciyata ta ce in juya haka nan, ai ya fito. Kawu na zaune a gefe ya ce, "Leɓen da bai kai daga gindi zuwa tsini ba, rabin wuƙa ka wasa." Na sake shafa maka, na koma kan wuraren biyu su kaɗai. Tsinin ya ɗauki wasu minti goma. Da leɓen ya game ko'ina na juya, na yi wa ɗaya gefen har ya komo gefen farko, ina duba faɗin gangaren biyu don kada ɗaya ya fi ɗaya.

Sauran takardun ba su da labari. P400, P600, P1000, kowace shafa goma sha biyar zuwa ashirin a gefe, ina rage nauyin hannu, ina wanke wuƙar da gilashin kafin in canza don kada ƙwaya mai kaushi ta biyo ta ɓata aikin. Duka ba su kai minti goma ba. P2000 ma shafa kaɗan na yi. Na ɗauko takarda, wuƙar ta ratsa ta tun daga sama har ƙasa ba ƙara. Na mayar wa Yaya ina ji da kaina.

Bayan kwana biyu ta kira. "Wuƙarka fa ta koma gidan jiya."

Na je na karɓo ina zargin katakonta. Da na sa ta a ƙarƙashin fitila sai na ga wani abu daban da na farko. Ba farin layi ɗaya ba ne, ɗigo-ɗigo ne na haske nan da can, kuma da na shafa yatsa gefe ɗaya santsi, ɗayan na kamawa. Leɓen ne. Ban cire shi ba, siranta shi kawai na yi har ya miƙe tsaye a kan bakin kamar zaren waya. Shi ne ya yanka takardar nan da kyau haka. Da ya haɗu da katako sau ɗari sai ya kwanta, ya rufe bakin na gaskiya da ke ƙarƙashinsa. Ƙarfe mara tsatsa mai matsakaicin tauri ya shahara da wannan hali: leɓensa ba ya karyewa da wuri, sai dai ya yi ta komawa hagu da dama. Jan baya-baya kuma, wanda samfefa ke tilasta wa mutum, ya fi jawo leɓe ya tsawaita shi. Wannan rauni ne na hanyar kanta, ba na hannuna kaɗai ba.

Gyaran bai ɗauki minti goma ba, amma ya fi duk abin da ya gabata neman natsuwa. Na manna sabuwar P1000, na tabbatar ta kwanta lif babu kumburi ko ɗaya. Na riƙa shafa ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, nauyin wuƙar kawai, ba dannawa. Sannan na ɗaga kusurwar kaɗan, kamar kaurin kwali biyu a kan na da, na yi shafa biyu a kowane gefe a hankali ƙwarai, don ƙwayoyin su kama gindin leɓen su yanke shi. Na ja bakin sau biyu a kan guntun katako mai taushi, sai ga wani baƙin zare siriri ya maƙale a cikin tsagar. Na ƙarasa a bayan tsohon bel na fata da na shimfiɗa a tebur, baya-baya, shafa goma a gefe.

Gwajin ma na canza. Takarda ta riga ta yaudare ni sau ɗaya. Na yanka ta, ta yanku. Sai na ɗauki wuƙar na yi ta sara a kan katakon yanka sau ashirin, kamar mai aiki, na sake gwada takardar. Ta yanku kamar farko. Na aza bakin a kan farcen babban yatsa a karkace ba tare da na danna ba: ya kama ta hagu, ya kama ta dama, bai zame ba. Da akwai sauran leɓe, da gefe ɗaya ya kama ɗayan ya sulale.

A kan P2000 ra'ayina ya sauya. Wuƙar kicin irin wannan ba ta buƙatar ta. Bakin da aka tsaya da shi a P1000 yana da ƙananan haƙora da ido ba ya gani, su ke kama abu mai santsin baya su fara tsaga shi. Madubi na da daɗin kallo, kuma yana da amfani a reza ko kurfin kafinta, inda turawa ake yi ba ja ba. A hannun Yaya, wadda ja take yi, P1000 da fata sun wadatar.

Da na mayar mata a karo na biyu na tsaya na ga yadda take aiki, don giɓin nan ba daga sama ya faɗo ba. Katakon yankanta lafiya lau, amma idan tana sauri a kan farantin tangaran take yanka, wanda taurinsa ya kai na ƙarfen ko ya fi. Idan ta gama, da bakin wuƙar take kankare katakon ta tattara abin da ta yanka. Daga nan wuƙar ta faɗa cikin durowa tare da cokula. Na ce, "Yaya, ki riƙa juya ta ki kwashe da bayanta." Ta ce ta ji. Na yi mata kube da kwali da salatif. Kuben ta riƙe, farantin ta bari, kankarewar kuwa har yau idan ta manta tana yi.

Bayan sati uku bakin ya ɗan kwanta a tsakiya, shafa goma a fata ta tashe shi. Bayan wata biyu da rabi fatar ta daina isa, na koma P1000, minti biyar har da cire leɓe. P220 ba a sake nemanta ba, kuma ba za a neme ta ba sai in wani giɓin ya sake fitowa.

Akwai abubuwan da ban gyara ba. Jikin wuƙar na ɗauke da zane-zane a inda hannuna ya kwanta a yunƙurin farko. Tsinin ya ɗan yi zagaye saboda na riƙa barin sa yana zamewa daga bakin gilashin. Kuma da yake na ci rabin milimita daga bakin, ƙarfen da ke bayansa ya ɗan ƙara kauri, ana jin haka idan ana yanka abu mai tauri, wuƙar na ɗan tsayawa a tsakiya. Maganinsa a kwantar da ruwan kusan lif a kan takarda mai kaushi a rage kafaɗar, aikin da zai cinye falle biyu ko uku. A irin wannan wurin ne nake ganin dutse ya fi, haka ma ga wanda ke washi duk mako. Na gaya wa Yaya, ta gwada wuƙar, ta ce ita ba ta ji komai ba, in bar mata abarta haka.

Ran nan ta aiko ɗanta da jaka. Wuƙaƙe huɗu ne a ciki da almakashi guda, ɗaya daga cikin wuƙaƙen mai haƙora irin na zarto. Na ce ya mayar mata da mai haƙoran, shimfiɗaɗɗen gilashi ba ya shiga tsakanin haƙora, sai an naɗa samfefar a jikin siririn sanda an bi su ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ban shirya wa wannan ba tukuna. Sauran ukun na jera su a ƙarƙashin fitila. Yaron ya ce yana so ya gwada. Na miƙa masa makar da mafi ƙanƙantar cikinsu, na ce ya fara shafa baƙin.